Fim ɗin zullumi iri-iri ne: wanne za ku iya ɗauka a ƙauye?

Bayan kakar bana ƙanina da abokansa huɗu suka sayar da riɗinsu, suka haɗa kuɗin wuri guda, wai fim za su yi su ɗora a YouTube. Ɗaya yana da waya mai kyakkyawar kamara, ɗaya ya yi shekara biyu a Kano a shagon wani edita, sauran kuwa ƙarfin hali ne jarinsu. Abu ɗaya suka yi ittifaƙi a kai: ba soyayya, ba rawa da waƙa. Irin fim ɗin nan suke so wanda ko fitsari ya matsi mutum ba zai tashi ba sai ya ga yadda za ta kaya. Daga nan kai ya rabu. Wannan na son faɗa da tseren babura, wancan na son aljanu, ƙanin nawa kuma ya kafe sai ɗan sanda mai bincike. Da yake na taɓa yin 'yan shekaru ina bin masu fim lokeshan ina riƙe musu takardar labari, sai suka same ni a ƙofar gida bayan isha'i. "Yaya, raba mana gardamar nan kafin kuɗin su narke a teburin mai shayi." Abin da na gaya musu ne na faɗaɗa a nan, don na san daga Ringim zuwa Gumel, daga Bichi zuwa Rano, irinsu ba sa ƙirguwa.

Turawa suna kiran wannan nau'i tirila. Kada a haɗa shi da tirela, wato tallan fim, balle wadda ke lodin shanu a Maigatari ranar Alhamis. Ni fim ɗin zullumi nake ce masa, don zullumi ne hajarsa. Ba kasafai yake zuwa shi kaɗai ba, kusan kullum a gauraye yake da wani abu: faɗa, ko binciken laifi, ko rikicin cikin gida, ko tsoro, ko siyasa. Abin da aka gauraya shi da shi ne ke yanke kuɗin da za ku kashe da wahalar da za ku sha.

Amma tukuna a bambance firgita da zullumi. Alfred Hitchcock, daraktan nan ɗan Ingila da ya yi fina-finai sama da hamsin kafin rasuwarsa a 1980, ya taɓa ba da misali da bam a ƙarƙashin tebur. In ya tashi ba zato, mai kallo ya firgita na daƙiƙa goma sha biyar. In kuwa an nuna masa bam ɗin tun farko, ya san lokacin da zai tashi, sai ya yi minti goma sha biyar zuciyarsa na dukan uku-uku. Mu dawo da misalin gida. Dattawa biyu ne a kan tabarma a gindin darbejiya suna kukan tsadar taki. Ku fara nuna kububuwa ta sulale ƙarƙashin tabarmar, sannan ku ƙyale su su yi ta hirarsu. Duk sanda ɗaya ya gyara zama, 'yan kallo za su ɗauke numfashi. Ba ku sayi bindiga ba, ba ku fasa mota ba. Kun dai sanar da mai kallo abin da mutanen cikin fim ba su sani ba. Da wannan tabarmar zan auna sauran.

## Ma'aunai huɗu

Tsada. Ba zan rubuta naira ba, don farashin kaka ba shi ne na bazara ba. Ku yi lissafi da abu huɗu: kwana nawa za a yi ana ɗauka, baki nawa za a ciyar kowace rana, litar fetur nawa janareta da babura za su sha, da abin da sai an yo hayarsa daga birni. Abinci da fetur ne ke cinye kuɗin ƙaramin fim, ba kamara ba.

Ƙarko. Bayan an san ƙarshen labarin, akwai wanda zai sake kallo, ko ya ce wa wani ya kalla? Wannan ya shafi aljihunku kai tsaye. Ga masu dogon bidiyo, YouTube ba ta fara raba kuɗin talla da tasha sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu. A ƙauye kuwa mutum ɗaya ne ke sauke fim da datarsa, sauran gari su karɓa ta Xender ko wurin mai tura fim a kasuwa, ku ko sisi. Fim ɗin da ya yi tashe na mako ɗaya ya mutu ba zai cika muku waɗannan awoyin ba.

Sauƙi. Me kuke da shi a hannu? 'Yan wasa nawa ne za su iya riƙe fuskarsu a gaban kamara? Wane gida za a ba ku aro? Za ku iya ɗaukar magana ta fito tas?

Haɗari. Kashi uku ne: na hukuma, na gari, na jiki. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tana nan tun 2001, kuma a watan Mayun 2025 ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22 saboda ana sakin su ba a kai mata ta duba ba, har da manyan da kowa ya sani. Wanda ke Jigawa kada ya ce ba ruwansa. Akwai hukumar tace fina-finai ta tarayya da aka kafa a 1993, kuma ranar da kuka ɗauko jarumi ko edita mai rajista a Kano, dokar Kano ta shigo aikinku. Haɗarin gari shi ne wanda ba a rubuta a takarda ba, shi ne kuma ya fi ciwo, don bayan fim nan za ku ci gaba da zama.

## Zullumi da faɗa

Shi matasa suka fi so, shi kuma na fara cirewa. Duk wanda ya tashi yana kallon sisin ɗin Amurka mai suna 24, wanda aka fara a 2001, ko fina-finan kudancin Indiya da aka fassara da Hausa, yana da wannan hoto a kansa: akta ya watsa mutum goma, bos ya tsere a mota. Masu kallonku ma sun ga waɗannan, kuma da su za su auna ku. Faɗan minti biyu mai kyau yakan ci yini guda, don kowane naushi sai an ɗauke shi ta fuska uku ko huɗu, sannan edita ya zauna ya sa masa ƙara. Ga taron jama'a, ga babura, ga fetur. In ya yi kyau, sabon da ya fi shi zai binne shi nan da wata biyu. In bai yi kyau ba zai daɗe, amma a TikTok, ana yi muku dariya.

Haɗarinsa ya haɗa duka ukun. A 2024 hukumar Kano ta hana fina-finan da ke nuna faɗan daba. Karaya a kan babur kuwa ba wanda zai biya muku kuɗin ɗori. Na taɓa kasancewa a wani lokeshan a bayan wani gari, ana ɗaukar samari uku a kan babur, sun rufe fuska da rawani, riƙe da bindigogin katako. An je an gai da dagaci, amma ba wanda ya tuna da 'yan sintiri. Wata mata mai dawowa daga itace ta hango su, ta yar da kayanta ta ruga gari. Kafin mu ankara an zagaye mu da gorori da adduna. Allah ne ya sa wani a cikinsu ya gane mai kamararmu. Wannan fa tun zancen 'yan bindiga bai kai inda ya kai yau ba.

## Zullumi da laifi

Nan za mu daɗe, don ɗaki biyu ne a gidan, kuma yawancin masu farawa suna faɗawa wanda bai dace da su ba.

Ɗaki na farko tambayarsa ita ce: wa ya aikata? An wayi gari an fasa rumbu, ko an tsinci gawa a bakin fadama, mai bincike na bin sawu har fitowar ƙarshe. An yi wannan da kyau a Najeriya. Fim ɗin October 1 na Kunle Afolayan, wanda ya fito a 2014, marigayi Sadiq Daba ne ya ja shi, a matsayin sufeton 'yan sanda ɗan Arewa da aka tura wani garin Yarbawa ya binciki kisan 'yan mata ana dab da samun 'yancin kai a 1960. Sai dai wannan ɗakin yana da sharuɗɗa masu nauyi. Dole a sami mutum huɗu ko biyar da za a iya zargi, kowa da dalilinsa mai kama hankali, ke nan ƙwararrun 'yan wasa biyar kuke nema, ba ɗaya ba. Dole marubuci ya binne alamu a farko waɗanda in an waiwaya za a ce lallai ga su nan. Sannan ran fim ɗin gaba ɗaya a rataye yake da sirri guda, sirri kuwa ba ya kwana a ƙauye. Wanda ya kalla da la'asar zai faɗa a majalisa bayan magariba: "Kai, kada ka wahal da kanka, ai ƙanin mijin ne." Shi ke nan an yanka muku fim.

Ɗaki na biyu tambayarsa daban: za a kama shi? Mai kallo ya ga abin da ya faru tun farko, ya san wanda ya yi, wataƙila ma yana tausayinsa. Wannan ita ce kububuwar ƙarƙashin tabarma. Fim ɗin Indiya Drishyam, wanda aka fara yi da harshen Malayalam a 2013, a wannan ɗakin yake: magidanci ɗan ƙauye da bai wuce aji huɗu ba yana ƙoƙarin kare iyalinsa daga binciken 'yan sanda. An sake yin sa da harshen Hindi a 2015, an yi da wasu harsunan Indiya, har Caina ta yi nata a 2019. Labarin da ake maimaitawa haka, alhali kowa ya san ƙarshensa, ai ba sirri ke riƙe da shi ba. Wannan shi ne ƙarko.

Ga misalin da na ba su ƙanina, na ce su juya shi yadda suka so. Uwar adashe ce, mutuniyar kirki, duk unguwa an yarda da ita. Ɗanta ya kwanta asibiti, ta taɓa kuɗin zubi da niyyar mayarwa in an sayar mata da tumakinta ranar Lahadi a kasuwar Gujungu. Daren Asabar aka sace tumakin. Wadda kwasa ta zo kanta kuwa ranar Alhamis za ta sayi kayan ɗakin 'yarta. Daga nan duk sallamar da aka yi a zaure bam ce. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ba gawa, ba jini, ba bindiga, amma akwai ranar da ke matsowa, akwai mutuncin shekara ashirin da zai zube, akwai kuma ƙarya ta farko da za ta haifi ta biyu.

Tsadar wannan ɗakin matsakaiciya ce zuwa ƙasa: gida biyu, kasuwa sau ɗaya, mutum shida zuwa takwas. Wajen haɗari akwai abu uku. Na farko kaki. A 2022 rundunar 'yan sandan Najeriya ta gargaɗi masu fim da masu barkwanci cewa sa kayan 'yan sanda ba izini laifi ne. Maganin wannan mai sauƙi ne, ya ma fi daɗin kallo: kada mai bincikenku ya zama ɗan sanda. Mai unguwa ya isa, ko tsohon dillalin dabbobi da ya san sawun kowace tunkiya, ko malamin firamare mai yawan tambaya. Na biyu kamanceceniya. In an taɓa yin rikicin adashe a garinku shekara uku da suka wuce, kowa zai ce wance ake nufi, ko da ba ita kuka nufa ba. Ku canza komai har sai ba mai iya nuna gida da yatsa. Na uku, kada ragwancin rubutu ya sa duk ɓarawon dabba a fim ɗinku ya zama Bafulatani. A yankin da manoma da makiyaya ke zaman lallaɓa juna a kan burtali da mashaya, wannan wasa da wuta ne. Banda haka ma mai kallo zai cinka tun fitowar farko, zullumi ya tafi.

## Zullumin cikin gida da na ƙwaƙwalwa

Shi ne mafi arha, kuma shi ne mafi wuya. Abokin gaba a nan ba daga daji ya zo ba, tare ake cin tuwo da shi: miji, kishiya, suruka, ɗan riƙo. Wani lokaci ma a cikin kan jarumar yake, ta kasa bambance abin da ta gani da abin da take zato. Gida ɗaya da mutum uku ko huɗu sun isa. Hitchcock ya yi Rear Window a 1954, kusan duka daga ɗaki ɗaya, mutum mai karyayyar ƙafa yana leƙen maƙwabta ta taga. Steven Soderbergh ya ɗauki Unsane, na 2018, da wayar iPhone. Ke nan wayar abokin ƙanina ba ita ce matsala ba.

Matsalar fuska ce. Irin wannan fim a kan ido da shiru yake tafiya, mu kuwa yawancin 'yan wasanmu na ƙauye daga diramar makaranta suka fito, inda ake zare ido ana ɗaga murya don na bayan aji ya ji. Kamara in ta matso kusa, wannan salon ya zama hayaniya. Sai kun yi kwanaki kuna gwaji kafin ku kunna komai.

Sai batun mata. Labarin cikin gida ba ya yiwuwa sai da mace mai iya wasa, a ƙauye kuwa ba kowane uba zai bar 'yarsa ba, matar aure ma ba a maganarta. Ɗauko jaruma daga Kano ko Dutse na nufin kuɗin mota da masauki da sallama, sai arhar ta fara zubewa. Ku tuna kuma a fim ɗin Hausa namiji ba ya taɓa mace, don haka duk barazanar da miji zai yi, da murya da tsayuwa a bakin ƙofa zai yi ta. Ni a ganina wannan ya ma fi ban tsoro. Gida kuma ba za a bar ƙattai biyar su yini a tsakar gidan matan aure ba. Ku nemi gidan wata tsohuwa, ko wanda masu shi suka tafi ci-rani.

Abin da ya fi kashe irin wannan fim shi ne sauti. Mutanen birni suna zaton ƙauye shiru ne. Ku tsaya ku saurara: injin niƙa, awaki, zakaran da bai san azahar ba, yaran da suka hau katanga kallo. Kafin ku sayi fitila ko ƙafar kamara, ku sayi ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, ku kuma daidaita da mai injin niƙa a kan awoyin da zai kashe. Mai kallo yana yafe hoto mai dishi-dishi, ba ya yafe maganar da bai ji ba.

Ƙarkonsa babba ne in an dace, don mata ke riƙe irin wannan kallo, su kuma in suka so abu sai sun gaya wa dangi kaf. Haɗarin hukuma kaɗan ne. Abin gudu shi ne ya zame ya koma fim ɗin kishi na yau da kullum. Bambancin ɗaya ne: a sa wa'adi. In ba ranar da wani abu zai fashe, zaman gida kawai kuke nunawa.

## Zullumi da tsoro

Abokin ƙanina mai son aljanu yana da hujja. Paranormal Activity, na 2007, an yi shi da kusan dala 15,000 a cikin gida ɗaya, ya kuma tara sama da dala miliyan 190. Tsoro ba ya buƙatar fassara, kuma matasa suna maimaita kallonsa a taro don su ga wanda zai fara zabura.

Sai dai a wurinmu dare ne tsadar. Waya ba ta gani sosai a duhu, dole a kunna fitilu, janareta kuma dole a kai shi nesa da doguwar wayar wuta don kada ƙararsa ta shiga. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne nuna aljanin. Da zarar edita ya sa wa mutum jajayen idanu, ya ɓatar da shi cikin hayaƙi, 'yan kallo sun fara dariya. Lokacin da Steven Spielberg ke ɗaukar Jaws, fim ɗin ƙaton kifi mai cin mutane na 1975, kifin ƙarfen da aka ƙera ya yi ta lalacewa, dole ta sa ya rage nuna shi, wannan rashin ganin ne kuma ya ƙara wa fim ɗin ban tsoro. Ƙofar da ta buɗe da kanta, ko guga da aka tarar a jiƙe alhali rijiyar ta shekara a kafe, sun fi kowace kwalliyar kwamfuta.

Haɗarin gari a nan ya fi na kowanne. Mu ba almara muka ɗauki aljanu ba. Maƙabarta ba wurin wasa ba ce, kada ma ku tambaya. Tsohuwar kukar da mutane ke kauce wa da tsakar rana, in kuka yi aiki a gindinta wani yaro ya yi zazzaɓi washegari, ku ne. Mafi muni, kada ku sa wata tsohuwar garinku ta fito a mayya. Ku za ku tashi daga lokeshan, ita sunan zai bi ta har rijiya, kuma an sha ganin inda zargin maita ya kai ga duka da kisa. Nuna boka yana cin nasara zai haɗa ku da malamai, sannan a 2024 hukumar tarayya ta fitar da ƙa'idar hana ƙawata tsafin neman kuɗi a fina-finai. Hanyar da ta fi tsira ita ce a bar shakka: gonar da ake cewa tana da mutanen ɓoye, iskoki ne da gaske, ko wani ne ke son ya saye ta da arha?

## Zullumi da siyasa, da sauran ƙanana

Kwana Casa'in, wanda Arewa24 ta fara nunawa a 2019, ya nuna Hausawa suna son wannan. Ku lura da dabararsa: jihar Alfawa da labarin ke faruwa a cikinta babu ita a taswira. Amma tasha ce ta ɗauki nauyinsa, da ofisoshi da jerin motoci da taron kamfen. Ku ba ku da waɗannan. In kun matsu, ku ƙanƙanta shi: rabon taki a mazaɓa, ko zaɓen shugaban ƙungiyar manoman rani. Duk da haka sai an ce da kansilan garinku kuke, ana kuma tunkarar zaɓen 2027. Sarauta kuwa ku bar ta inda take.

Na kotu ɗaki ɗaya yake buƙata, yana da arha, sai dai in ba ku da wanda ya san yadda alƙali ke tafiyar da zama, masu sani za su gane daga jumlar farko. Na barkwanci, inda wawaye biyu suka tsinci jakar kuɗin da ba tasu ba, yana da wata fa'ida: in abu ya ɓaci a ɗauka, dariyar da za a yi tana cikin lissafi. Na ambaliya kuwa, duk da mutanen kwarin Haɗeja ba su manta 2022 ba kuma labarai na nan jingim, kada wanda ya shiga kogi da kwalekwale saboda fim.

| Gauraye | Tsada | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Faɗa | Mai yawa | Kaɗan | Mai wuya | Babba ta kowace fuska |
| Laifi: wa ya aikata? | Matsakaiciya | Kaɗan in sirri ya fita | Rubutu mai wuya | Matsakaici |
| Laifi: za a kama shi? | Ƙasa da matsakaiciya | Babba | Da dama-dama | Matsakaici, ana iya rage shi |
| Cikin gida | Kaɗan | Babba | Sai da gwanayen 'yan wasa | Kaɗan |
| Tsoro | Matsakaiciya, saboda dare | Da dama | Ɗaukar dare da wuya | Babba a gari |
| Siyasa | Mai yawa | Yana bin kakar zaɓe | Mai wuya | Babba |
| Barkwanci | Kaɗan | Da dama | Mafi sauƙi | Kaɗan |

## Wa ya dace da wanne

In wannan ne fim ɗinku na farko, kuɗin kuma na riɗi ne ko na shinkafar rani, ku ɗauki ɗaki na biyu na laifi. Ku yanka shi kashi huɗu ko biyar, kowane kada ya wuce minti ashirin saboda datar mutane, kowane kuma ya tsaya a daidai sallamar da ba a san ko ta wane ne ba.

In Allah ya ba ku mace ɗaya mai iya wasa, iyayenta kuma sun yarda, ga gidan aro, to na cikin gida ya fi muku, shi ne kuma wanda zai fi sa masu fim na Kano su tambayi wa ya yi wannan.

In kuna da marubuci mai haƙuri, kuma masu kallon da kuke hari na birni ne da na nesa, ba 'yan garinku ba, wa-ya-aikata zai yi. Ku sake shi gaba ɗaya a rana guda.

In ƙarfinku edita ne mai kunnen sauti, ga fitilun sola masu caji, ku gwada tsoro mai shakka, bayan kun zauna da liman da mai unguwa sun ji labarin daga bakinku. In duk cikinku ba wanda ya taɓa tsayawa gaban kamara, ku fara da gajeren barkwanci ku koyi aiki a kansa. Faɗa da siyasa ku bar wa ranar da wani zai zuba kuɗinsa, ya kuma nemo muku takardun izini.

Ko wanne kuka zaɓa, lokacin ɗauka shi ne daga gama kaka zuwa kafin zafi ya sauka, sanda mutane ba sa gona. Hazon hunturu yana tausasa haske, fuska ta yi kyau, sai dai iskarsa na cika makirufo, don haka ku sa masa soso.

Su ƙanina sun tsaya a kan uwar adashe. Mai son babura an ba shi fitowa ɗaya, shi ne zai kai ta kasuwa neman tumakin. Gwaggonmu ta ba da aron gidanta da sharaɗin ba za a taɓa mata kaji ba, mai injin niƙa kuma ya yarda zai riƙa kashewa daga hantsi zuwa azahar in za a sa sunansa a ƙarshen fim. Wadda za ta fito a uwar adashen ce har yanzu ake nema.